Ƙarin Gashi: Kafin Ki Miƙa Kanki Ga Makitsiya

  

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi abin da ke ƙarƙashin ɗankwali, wato ƙarin gashi. Wasu na ce masa gashin doki, wasu gashin kanti, wasu kuma ataci. A da sai mace ta je Kano ko Bauci take ganin irin wannan kwalliya. Yau kuwa a nan Birnin Kudu da Gwaram ba sai an yi nisa ba. Yana nan a shagunan kayan kwalliya, yana cikin jakar dillaliya, 'yan matanmu na Babaldu da Sara da Basirka kuma suna ganin sa kullum a waya. Galibi ranar farko da yarinya take saka shi ita ce ranar gyaran amarci, ko jajibirin Sallah, ko shekararta ta farko a makarantar gaba da sakandare. Wato daidai lokacin da kunya ko zumuɗi ba za su bar ta ta yi tambaya ba.

To 'yar uwa, kafin ki zauna a tabarmar makitsiya, akwai tambayoyi uku da ya kamata ki san amsarsu. Me za a ɗora miki a ka? Me shari'a ta ce a kansa? Me zai bar miki bayan an cire shi?

Me ake ɗorawa, kuma daga ina yake?

Hanyoyin sakawa huɗu ne. Ta farko, a kitsa gashin kantin tare da naki, kamar yadda ake yi a kalaba. Ta biyu, a yi miki kitso a kwance, wani lokaci a rufe shi da raga, sannan a ɗauki lanƙwasasshiyar allura da zare a ɗinke jeren gashin a kan kitson. Wannan shi ne ɗinki. Wata Ba'amurkiya baƙar fata mai suna Christina Jenkins ce ta samu takardar mallakar wannan dabara a shekarar 1952. Ta uku, a manna shi da gam. Ta huɗu, hular gashi wadda ake kifawa a cire. Sai kuma ƙanwarsu acuci-maza, tumin nan da ake cusawa a ƙeya don ɗankwali ko hijabi ya yi tozo.

Shi kansa gashin iri biyu ne. Akwai na roba, wanda shi ya fi yawa a kasuwanninmu saboda araha. Duk da sunan da muka ba shi, ba daga jelar doki yake ba, zare ne da ake sarrafawa a masana'anta. Fitaccen cikinsu shi ne Kanekalon na kamfanin Kaneka da ke Japan, wanda aka fara yi tun 1957. Akwai kuma gashin mutum na gaske, mai tsada. Ko da an rubuta masa sunan Birazil ko Feru a kwali, sunan kasuwa ne kawai. Mafi yawansa daga nahiyar Asiya yake fitowa, musamman Indiya da Sin, kuma birnin Xuchang na ƙasar Sin ya shahara wajen sarrafa shi.

Ga wani abu da mata da yawa ba su sani ba. Wani kaso na gashin Indiya daga wuraren bautar mabiya addinin Hindu yake fitowa. A babban wurin bautarsu na Tirumala, kusa da garin Tirupati, maziyarta maza da mata suna aske kawunansu don cika alwashin da suka yi wa abin bautarsu, hukumar wurin kuma ta tara gashin ta yi gwanjonsa. A shekarar 2004 wasu manyan malaman Yahudawa sun hana matansu saka hular gashin da aka yi da irin wannan gashi saboda wannan dalili. Kin ga ashe ba mu kaɗai ne muke tambayar asalin abin da za mu ɗora a ka ba.

Me shari'a ta ce?

Musulunci bai hana mace ado ba. Wanke kai, shafa mai, taje gashi, kitso, lalle da turare a cikin gida duk abin so ne, matar aure ma lada take samu idan ta yi don mijinta. Amma an ware ƙarin gashi an yi magana a kansa.

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Asma'u 'yar Abubakar (R.A.) cewa wata mata ta zo wurin Manzon Allah (S.A.W.) da batun 'yarta amarya. Yarinyar ta yi ƙyanda, gashinta ya zube, uwar tana neman izinin ta ƙara mata. Bai ba ta izini ba, ya kuma ambaci tsinuwa a kan mai ƙarawa da wadda ta nemi a ƙara mata. Ki lura da kyau, 'yar uwa. Amarya ce, rashin lafiya ne ya jawo, uwa ce ke roƙo, amma duk da haka ba a yarda ba. Haka nan an ruwaito cewa Mu'awiya (R.A.) ya hau mumbari a Madina riƙe da wani tumin gashi, yana mamakin yadda malaman garin suka yi shiru, ya kuma faɗa musu cewa Annabi (S.A.W.) ya hana wannan. A wata ruwayar an kira abin da sunan zur, wato ƙarya.

Saboda haka malaman mazhabobi huɗu sun haɗu a kan hana ƙari da gashin mutum. Inda suka saɓa shi ne abin da ba gashin mutum ba, kamar ulu da zare da tsumma. Hanafiyya sun halatta. Shafi'iyya, a mafi ingancin ra'ayinsu, sun halatta wa matar aure abu mai tsarki da izinin mijinta. An ruwaito sassauci daga Imam Ahmad game da zare. Imam Malik kuwa, wanda mazhabarsa muke karantawa a makarantunmu, ya hana ƙari da kowane irin abu, kuma Risala ta ambaci hanin a fili. Sai dai Alƙali Iyad, mai littafin Ashafa, ya bayyana cewa zaren alharini mai launi da ake ɗaurawa don ado, wanda bai yi kama da gashi ba, bai shiga cikin hanin ba, domin ba wanda zai gan shi ya ruɗu.

Wannan bayani na Alƙali Iyad shi ne ma'aunin da zai taimake ki. Gashin roba na yau an yi shi ne musamman don ya yi kama da gashi, har a kasa bambancewa. Shi ya sa malamai da yawa na wannan zamani suka haɗa hukuncinsa da na gashin mutum. Game da macen da ciwo ya kwashe wa gashi gaba ɗaya, kamar mai karɓar maganin sankara ko wadda ta ƙone, Shaikh Ibn Usaimin ya yi fatawar halascin hular gashi gare ta, domin a wurinsa rufe aibi ne. Mai irin wannan lalura ta kai wa malami bayaninta dalla-dalla, kada ta tsaya kan jin ƙishin-ƙishin.

Alwala da wanka fa?

Nan ne abin ya fi tayar da hankali, domin ya taɓa sallah. A mazhabar Malikiyya shafar kai gaba ɗaya farilla ce a alwala, kuma gashinki za ki shafa, ba wani abu da ya rufe shi ba. A wanka kuma, kamar yadda muka karanta a Ishmawi, game jiki da ruwa da tsettsefe gashi suna cikin farillai. An yi wa mace rangwame ba sai ta tsefe kitsonta ba idan ruwa na ratsawa zuwa fatar kai, kamar yadda ya zo a amsar da aka ba Ummu Salama (R.A.). Amma malamanmu sun yi bayani cewa idan kitson ya yi tsaurin da ruwa ba ya shiga, ko an yi shi da zare da yawa, dole a warware.

Yanzu ki auna da kanki. Gashinki na kwance a ƙasa, raga a kansa, jeren ɗinki a kan ragar, wani lokaci har da gam. Ina hannunki zai taɓa idan kin zo shafa? Abin da ya fi wannan ma, wadda ta kashe kuɗi masu yawa ba ta son ruwa ya taɓa kan, sai ta riƙa yayyafawa sama-sama. Amarya kuwa ita ce ta fi kowa buƙatar wanka a waɗannan kwanaki. Haba 'yar uwa, a fara zaman aure da sallar da ake shakkar tsarkinta?

Me yake bari bayan an cire?

Na farko shi ne cin goshi. Gashin gaban kai da na gefen kunne shi ne mafi rauni. Idan aka ja shi da ƙarfi, aka kuma rataya masa nauyi na makonni, saiwarsa takan gaji. Da fari yana dawowa idan an huta. Idan aka yi ta maimaitawa, wurin yakan yi tabo, gashi kuma ba ya sake fitowa a kan tabo ko da wane mai aka shafa. Wani bincike da likitocin fata suka yi a birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu, wanda aka buga a 2007, ya sami irin wannan zubewa a kusan kashi 32 cikin 100 na matan da aka duba, da kashi 17 cikin 100 na 'yan mata 'yan makaranta. Abin ya fi tsanani ga masu ɗora ƙari a kan gashin da aka miƙar da rilaksa. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Na biyu, zafi da gumi. Kin san yadda garinmu yake daga Maris zuwa Mayu. Ga ɗinki, ga ɗankwali, ga hijabi. Gumi ya taru, kai bai bushe ba, sai ƙaiƙayi da wari da amosani da ƙuraje. Da hunturu kuma ƙura ce ke shiga ta zauna.

Na uku, sinadarai. Gam ɗin da ake mannawa yakan ƙunshi roba wadda jikin wasu ba ya karɓa, sai fata ta kumbura ta yi ja. A watan Fabrairun 2025 ƙungiyar Consumer Reports ta Amurka ta gwada nau'i 10 na gashin roba da ake kitso da shi, ta sami dalma a cikin 9. Ita ma rilaksa, wadda ake yawan shafawa don gashin gaba ya saje da na kanti, wani binciken hukumar lafiya ta Amurka na 2022 a kan mata sama da 33,000 ya nuna cewa masu amfani da man miƙar da gashi fiye da sau huɗu a shekara sun ninka sauran yawan kamuwa da sankarar mahaifa. Binciken alaƙa ya nuna, bai yanke cewa man ne kaɗai sanadi ba, amma ya isa a yi hattara.

Na huɗu, allura da reza. Allurar da ta soki kan wata ta zo ta soki naki na iya ɗauko ciwon hanta nau'in B, wanda binciken ƙasa na 2018 ya samu a jikin kusan mutum 8 cikin 100 na manya a Nijeriya. Na biyar kuma wuta. Wasu nau'o'in gashin roba suna narkewa su manne a fata, mu kuwa yawancinmu a murhu ko risho muke girki.

Idan kin riga kin saka

Ba a rufe ƙofar tuba ba, kuma ba a gyara ɓarna da wata ɓarnar. Ki cire, amma ki cire da hankali.

1. Idan kai na ciwo har ba kya iya kwanciya, ko ƙananan ƙuraje sun fito a bakin kitso, ko sai kin sha maganin ciwon kai, to an ja da yawa. A warware a ranar. Maganar wai zai saki bayan kwana uku ita ce ta cinye goshin mata da yawa.

2. Kada ki cire ɗinki ke kaɗai. Ki sami wadda za ta zauna da ke da rana, cikin haske, ta riƙa yanke zaren ɗaya bayan ɗaya da ƙaramin almakashi, don kada ta haɗa da gashinki.

3. Idan gam ne, a jiƙa wurin da man zaitun ko man gyaɗa, a bar shi ya yi laushi ya saki da kansa. Kada a fizga.

4. Bayan tsifa, ki shafa mai ki warware gashin da yatsu, sannan ki taje kafin ruwa ya taɓa shi. Idan kika jiƙa shi a cukurkuɗe zai dunƙule, sai almakashi.

5. Kada ki firgita da yawan gashin da zai biyo mataji. Kowane mutum na zubar da sili 50 zuwa 100 a rana. A mako shida kin ga sili sama da 2,000 ke nan suka maƙale a cikin kitson suna jiran tsifa.

6. Ki bar kan ya huta na wasu makonni da kitso mai sauƙi. Batun sallolin da kika yi da shi kuma, ki yi wa malami bayanin yadda aka saka shi don ya duba miki.

Wadda kuma ta bi ra'ayin malaman da suka yi sassauci a kan zare ko ulu, to ta kiyaye: kada ya yi tsauri, kada ya yi nauyi ko tsawo, a bar gashin goshi, ruwa ya riƙa isa fatar kai, ta je da allurarta da matajinta. Likitocin fata na ba da shawarar kada irin wannan kitso ya wuce mako 6 zuwa 8 a ka. A zafin garinmu ma gara a rage.

Kula da wanda Allah Ya ba ki

Zanen aro ba ya rufe katara. Gashinki, gajere ne ko dogo, shi ne zai zauna da ke, don haka shi ya cancanci kuɗinki da lokacinki. Gashi yana tsiro kimanin santimita ɗaya a wata. Duk mai tallan da ta ce miki man ta zai kai miki shi gadon baya cikin mako biyu, kuɗinki take so. Abin da ke hana gashinmu tsawo galibi karyewa ce, ba rashin tsiro ba. Ga abin da za ki riƙe:

Ki wanke kai duk mako ko duk mako biyu. Karkashin da iyayenmu ke jiƙawa yana sa santsi, ya sauƙaƙa tsifa da taza. Ki bari kai ya bushe sarai kafin ki ɗaura ɗankwali.

Ki shafa man kaɗe ko man kwakwa ko man zaitun tun gashin na da ɗan danshi, musamman bakinsa. Kaɗan ya isa, ba sai yana tsiyaya ba.

Ki yi amfani da mataji mai manyan haƙora, ki fara daga baki ki gangaro zuwa tushe.

Ki rage ƙananan kitso. Ki riƙa sauyawa: wannan karon shuku, na gaba zane, don kada ja ya tsaya a wuri ɗaya. Ki sassauta ribom da ɗaurin ɗankwali a goshi. Da dare ki ɗaura ɗankwali mai santsi.

Ki ci abin da ke gina jiki: wake, gyaɗa, ƙwai, kifi, hanta, nono da zogale. Ƙarancin jini na zubar da gashi, kuma ya yi yawa a tsakanin masu ciki da masu shayarwa.

Mai jego ta sani, gashi kan zube wata biyu zuwa huɗu bayan haihuwa, kuma yakan dawo da kansa kafin yaro ya shekara. Wannan ne ma lokacin da bai kamata a ɗora masa nauyi ba.

Idan kika ga fili a tsakiyar kai, ko kora a kan yaro, ko ƙuraje masu ruwa, to na asibiti ne. Kora ba ta jin man shafawa kaɗai, sai an haɗa da na sha. Ki je asibitin da ya fi kusa da ke, idan abin ya faskara ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya nan a Birnin Kudu. Rigakafi ya fi magani.

Kira ga iyaye da makitsa da mazaje

Uwa, gyaran amarya ba a mako ɗaya ake yin sa ba. Da zarar an sa rana, ki fara kula da kan 'yarki da wanki da mai da abinci. Ki kuma je da kanki ki ji abin da za a yi mata a gidan gyaran jiki, kada ki bar wa ƙawaye. Ƙananan yara kuma a daina yi musu ataci da Sallah. Fatar kansu ba ta yi ƙwari ba, kuma abin da aka saba da shi tun ƙuruciya da wuya a bari.

Makitsiya, sana'arki mai albarka ce, da ita mata da yawa ke rufa wa kansu asiri. Amma ki tuna hadisin ya ambaci mai ƙarawa kafin wadda ake ƙara wa. Ki ƙware a kitson gashin Allah, ki sassauta hannu, ki tsaftace tsinke da mataji tsakanin kai da kai. Wadda goshinta ya tsira a hannunki ita ce za ta kawo miki 'yarta.

Ku kuma a isar mana da saƙo ga mazajenmu. Mata da yawa ba don kansu suke sakawa ba, gori ne ya ishe su, ko tsoron kishiya, ko gwada su da matan fim. Namijin da ya yaba kitson matarsa, ya sayo mata mai da sabulu, ya ba ta kuɗin kitso a kan lokaci, ya taimake ta a kan addininta.

Aikin gida ga ɗalibai: ki koma babin alwala da na wanka a littafin da kike karantawa, ki fitar da farillan da suka shafi kai, ki karanta wa wata 'yar uwa da aka sa wa rana.

Allah Ya tsarkake mana zukatanmu da jikkunanmu, Ya karɓi ibadunmu, Ya ba 'ya'yanmu mazaje na gari. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.